Dubai ko Sharja

Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa,
hannuna ya san cibiyar rabin Zariya da Bagalam.
Ran da na ninke farar riga na ajiye,
Arzika ya ce, bakinsa cike da goro:
"Hutu zan kai ki. Zaɓi, Dubai ko Sharja."

Na ce, yau kuma ta ina rana ta fito?
Mutumin da ko Madarunfa bai taɓa kai ni ba,
in ga ruwa, in ci soyayyen kifi,
in dawo kafin kiran magariba.

Da dare muka baje tabarma a tsakar gida.
Wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba,
wayar Ramatu ta zama fitilarmu.
Ta shafa da yatsa: ga bene ya soki gajimare,
tsini kamar allurar da nake yi wa jarirai.
Na ce, wannan ran da famfo ya ƙafe
wa zai hau da bokiti?
Suka yi dariya har jar akuya ta farka.

Ta sake shafawa: Sharja.
Masallaci a bakin ruwa, dabino a jere,
wata tsohuwa kan benci, ba ta jiran kowa.
"Nan ya fi sauƙi," in ji Arzika,
"ɗaki rabin kuɗi.
Tsakaninsu kamar nan da Tibiri ne,
sai dai cunkoson safe ya mai da shi Dakwaro."

Na ce, to, tekun fa? Da sanyi ko da ɗumi?

Ya tauna goro.
Ya sake taunawa.

Sau goma sha huɗu fasfonsa ya sha tambari,
sau goma sha huɗu kwantena ta biyo bayansa,
injin mota, ƙofar mota, gilashi, taya,
amma teku, ta tagar jirgi kawai ya hango shi,
shi ma yana lissafin kuɗin duwan.

Nan na ga hutuna tun ban ɗaure kaya ba.
In mun sauka Sharja, mai tsofaffin injuna zai kira,
"minti biyar" zai ce mini,
a bar ni kan kujerar roba, shayi na hucewa,
ina kallon tulin ƙarfe
irin wanda na baro a ƙofar gidana.
In Dubai ce, ƴan Maradi sun fi na kasuwar Juma'a,
kowane lungu da mai cewa "Hajiya, ɗan saƙo."
Tun yanzu ma Tsahara ta leƙo ta katanga,
awarwaro take so, da turare, da takalmin jikanta.
In tafi baƙuwa, in dawo jakin kaya.

Ni ba bene na ce a nuna mini ba.
Ƙafafun nan da suka kwana tsaye
kan sumintin ɗakin haihuwa,
su nake son tsomawa a ruwan da ba ni na ɗebo ba,
in zauna inda ba mai buga mini ƙofa
ya ce faya ta fashe.

Na ce, Arzika, a wanne gari ne
ba wanda ya san sunanka?
Ya fara ƙirga abokan ciniki da yatsu,
yatsun suka ƙare, mutanen ba su ƙare ba.

To, ga nawa, na ce.
Bencin tsohuwar nan ya kwanta mini,
amma kada ka sayi tikiti tukuna.
Lahadi ka kai ni Madarunfa.
Wayarka ta wuni a cikin kwallata.
In ka iya awa biyu kana kallon ruwa
ba ka tambayi masunci nawa ne kwando ba,
sai mu yi maganar jirgi.

Wuta ta dawo, fanka ta motsa.
Ya ce, "Awa biyu cur?"